Kujerar Kawu Jorbon

Da aka ba ni aikin tsara wa yaranmu hanyar koyon sana'a a makarantar sakandaren da nake aiki a garin Springdale na Amurka, abin da na fara gaya wa Misis Dunlap shi ne ta cire hotunan nan daga bango. Hoton matuƙin jirgin sama, hoton lauya, hoton wata mai dariya a gaban na'urar hangen taurari. Na ce mata yaranmu na tsibiran Marshall ba su taɓa ganin nasu a cikin ko ɗaya ba. Abin da suka sani shi ne kamfanin kaji. Uwa tana can, uba yana can, wa yana can, kowa ya dawo gida da warin sinadari a jiki da yatsu a sanƙare.

Misis Dunlap ita ce mai ba ɗalibai shawara, Baturiya mai kirki, irin kirkin da wani lokaci yake ba ni haushi, don ba ka samun inda za ka kama ka yi faɗa. Ta cire hotunan, ta ce to me za mu sa? Na ce ba hoto za mu sa ba, aji za mu buɗe na mataimakan nas. Ciwon suga ya gama da tsofaffinmu. Je ki kowane asibiti a garin nan ki gansu a jere, likita yana ta zuba Turanci, su kuma suna ta gyaɗa kai, sun fito ba su san me aka ce ba. In yaranmu suka koyi aikin, sun tsira daga kaji, tsofaffi kuma sun sami mai jin bakinsu.

Ta yi murna har da tafi. Sai da muka zo kan zaman aji muka saɓa. Ita tana so a haɗa maza da mata, ni na ce ko kusa.

"A ajin nan za a kira sunan kowace gaɓa ta jikin mutum," na ce mata. "Za a yi maganar fitsari da bayan gida da wankin tsuliya. Yarinyarmu ba ta buɗe baki ta faɗi irin wannan a gaban ɗan'uwanta namiji, ko ɗan yayar uwarta, balle kawunta. Shi ma ba ya faɗa a gabanta. Ko fim ake kallo aka zo wurin da bai dace ba, ɗaya ne zai tashi ya fita. Rabin yaran nan kuwa dangin juna ne."

"Amma Limaro, ai wannan kimiyya ce."

"Kimiyyar ce za ta raka su gida?"

Aka raba ajin. Na yi ta jin kaina a lokacin, ina ganin na toshe ƙofar da matsala za ta shigo.

A cikin 'yan matan da suka shiga, Neitab ce tawa. 'Yar taubashiyata Emlin ce, an haife ta can gida a tsibirin Ebeye, aka kawo ta nan tana ƙarama, tana shekarar ƙarshe a makaranta. Yarinya ce da ba ta ɓata baki. In ka tambaye ta abu sai ta ɗaga gira, shi ke nan ta ce e, har wani malami ya taɓa kawo min ƙararta wai tana masa kallon raini. Amma ran da aka kawo mutum-mutumin roba da ake koyon wankan majiyyaci a kansa, sai ga Neitab ta durƙusa tana masa magana da harshenmu. "Jimma, kakana, juya a hankali. Yauwa, tsoho mai ran ƙarfe. Ruwan ya yi zafi? Ka yi haƙuri, ba a cikin teku kake ba." Aji ya kwashe da dariya, malamar ma da ba ta ji ko kalma ɗaya ba ta yi. Hannun yarinyar nan ya san aikin tun kafin a koya mata. Ina kallonta na ce a raina, wannan dai kaji ba za su same ta ba.

Kafin a ba ɗalibi takardar shaida, dole ya yi zangon aiki a asibiti na gaske, da rana bayan an tashi daga makaranta. Wurare kaɗan ne suka yarda su ɗauki yaranmu. Neitab ta faɗo a cibiyar wankin ƙoda, don su ne suka fi kowa neman mai jin harshenmu. Ni kuwa na san kawunta Jorbon, wan uwarta uwa ɗaya uba ɗaya, a nan ake masa wankin, kuma da rana. Na tafi da ƙafata na sami babbar nas ɗin wurin, na yi mata bayani dalla-dalla. Ta ce ba damuwa, za a sa Neitab a layin mata, kujerar Jorbon tana can ƙarshen ɗaki, ba abin da zai haɗa su sai gaisuwa.

Shi kansa Jorbon bai ƙi ba, alfahari ma yake yi. Na tuna wani kemem da aka yi a zauren coci, bikin cikar jikan fasto shekara ɗaya. An cika tebura da shinkafa da kifi da kaza da bwiro, tuwon 'ya'yan itacen da aka aiko daga gida, mata suna ta waƙa. Yana zaune a keken guragu yana nuna ta da cokali.

"Kun ga likitarmu can? Ni na ɗauke ta a wuya na shiga jirgi da ita."

"Kai da ko buhun shinkafa ba ka iya ɗauka," na ce. Uwarsa ƙanwar ubana ce, don haka tsakanina da shi ba kunya, tun muna yara a tsibirin Ebon muke tsokanar juna.

"Limaro, ke har yanzu ba a sami mai kwashe ki ba? Bakin nan naki ne ya kori mazan tsibiri uku."

"Ajiye ƙwai da fulawar nan da ka ɓoye a ƙarƙashin bargo tukuna, sannan ka yi min wa'azi."

Ya yi dariya har da tari. Neitab tana can nesa tana raba faranti, ta sunkuyar da kai tana murmushi.

Zangon ya yi nisa, saura kaɗan ta gama, sai wata rana da la'asar wayata ta yi ƙara. Neitab ce. Ba ta ce komai ba sai, "Mama Limaro, zo." Na same ta a bayan cibiyar, zaune a kan dakalin siminti da shuɗin kayan aikinta, hannuwanta a tsakanin gwiwoyi.

Da ƙyar na tattaro labarin. Jijiyoyin hannun Jorbon sun daɗe da lalacewa, don haka a matsematsinsa aka sa robar da ake haɗa shi da injin. Ran nan ya zo jikinsa da zafi, ana tsakiyar wanki ya fara karkarwa. Babbar nas ba ta zo aiki ba, wadda ta maye gurbinta baƙuwa ce, ba ta san wata yarjejeniya ba. Ta yi ta tambayarsa, yana ta gyaɗa kai. Ta kira layin tafinta na waya, ba a ɗauka ba. Ta waiga ta hango yarinya mai jin harshen a ɗaya gefen, ta ƙwala mata kira.

"Ta ce in tambaye shi ko wurin robar yana ciwo, ko yana fitar da ruwa, ko har yanzu yana ɗan yin fitsari, wane launi ne." Neitab tana magana tana kallon takalminta. "Na tsaya. Ta daka min tsawa, ta ce mutumin nan zai iya mutuwa. Leɓensa ya yi fari, Mama. Sai na tambaye shi."

"Ya amsa?"

"Ya rufe ido. Sai ta ce in ɗaga bargon in riƙe mata fitila."

"Kin ɗaga?"

Ta ɗaga gira.

Wurin ya ruɓe, mugunya har ta fara shiga jini. Motar asibiti ta zo ta ɗauke shi. Likita ya ce da an ƙara yini ɗaya da sai dai wani labarin. Baƙuwar nas ɗin ta rubuta wa makaranta yabon Neitab, Misis Dunlap ta zo ofishina tana hawaye don daɗi, wai ga amfanin shirinmu ya fito fili. Na bar ta ta gama.

Aka sallami Jorbon daga babban asibiti, ya koma gida. Ranar da ya kamata ya koma kujerarsa, motar coci ta zo ɗaukarsa, ya ce ba ya zuwa. Rana ta biyu ma haka. Emlin ta kira ni daga ɗakin hutun kamfani, ina jin ƙarar injina a bayanta. "Ki je ki yi masa magana, ke kaɗai yake bari ki zage shi."

Gidan Goggo ne, uwarsu, su duka a ciki suke da 'ya'ya da jikoki, takalma jibge a bakin ƙofa. Goggo tana zaune a tabarma tana saƙar abin wuya da ƙananan kwansaran teku, ta amsa gaisuwata ba ta ɗago ba. Jorbon yana kan doguwar kujera an tokare shi da matasai, don in ya kwanta numfashi ba ya fita. Ƙafarsa ɗaya da suga ya bar masa ta kumbura ta zama kamar gungumen kwakwa, fuskarsa ta cika har idanun sun shige.

"Ka yi ƙiba, angon bana," na ce. "Wa ke ciyar da kai a ɓoye?"

Bai yi dariya ba. A duk rayuwata ban taɓa tsokanarsa ya yi shiru ba, sai na ji tsoro ya kama ni.

Neitab ta fito daga kicin da farantin shinkafa da kifi, ta durƙusa ta miƙa masa. Ya juya fuska wajen bango. Ta jima a durƙushe, sannan wata ƙaramar jika ta zo ta karɓi farantin daga hannunta ta ba shi, ya karɓa. Neitab ta koma kicin ta ja labule.

"Tun da ya dawo haka ake yi," in ji Goggo.

Na jawo kujera kusa da shi na rage murya. "Jorbon, yarinyar nan ranka ta ceta."

"Na sani."

"To me kake so ta yi? Ta tsaya tana kallo ka mutu don kunya?"

"Ban ce ta yi laifi ba." Yana magana yana hutawa tsakanin kalmomi. "Ba fushi nake da ita ba, Limaro. Ba na iya kallonta ne. Ita ma ba ta iya kallona, ki tambaye ta. 'Yar ƙanwata, da na yi wa kemem da hannuna. In koma in kwanta a kujerar nan, cinya a buɗe, tana wucewa?"

"Sai a mai da kai safe, lokacin tana makaranta."

"Da rana ta zo ta goge kujerar da na tashi, ta karanta abin da aka rubuta a kaina, fitsari nawa na yi, wane launi ne. Ke ma kin san abin da nake faɗa. Kin daɗe da Turawa, amma a Ebon aka yanke cibiyarki."

"In ba ka koma ba mutuwa za ka yi, wawa kawai!"

"To."

Wannan "to" ɗin ta fi zagi ciwo. Na juya wajen Goggo, na ce ke ce babba, ƙasar gadon gidan nan ta hannunki ta biyo, tunda a wurinmu ta wajen uwa ake gado, in kika ce ya tashi zai tashi. Ta ajiye saƙarta, ta dube ni sosai.

"Ke kika kai ta wurin," ta ce. "Ɗana ba zai mutu a kan takardar makaranta ba."

Daga nan na shiga zarya. Na koma cibiyar, babbar nas ta ba ni haƙuri har ta gaji, ta ce za ta iya sauya masa lokaci in an sami gurbi, amma ba za ta iya sauya masa zuciya ba. Na tambayi ko za a mai da shi wata cibiyar, aka ce ko'ina a cike yake, sai ya shiga layi, layin kuwa ya fi ƙarfin kwanakin da suka rage masa. Na je gidajen kula da tsofaffi biyu da suka ɗauki sauran yaranmu, na roƙa su ƙara Neitab, suka ce malama ɗaya ce ke duba ɗalibai, doka ta ƙayyade yawan da za ta riƙe. Na kai fasto gidan, ya yi addu'a mai tsawo, ya fito ya ce min a bakin mota, "Ni ma da ni ne, da wuya in koma."

Misis Dunlap kuwa cewa ta yi a kawo masa mai ba da shawara kan damuwa, ko a shirya taron wayar da kai ga iyali. Na ce mata kansa a waye yake, ya fi ni da ita sanin abin da ke jiransa. Ta ce ba za a bar al'ada ta cinye makomar yarinya ba. Na ce gaskiya ne, je ki gaya wa Goggo. Na yi mata tsawa a ranar, ita da ba ta yi min komai ba, don ita kaɗai ce zan iya yi wa.

Ban kai ga samo mafita ba Neitab ta shigo ofishina da safe kafin a shiga aji. Ta sa doguwar riga mai furanni irin ta gida. Ta ajiye leda a kan teburina, shuɗin kayan aikin ne a wanke a goge.

"Ɗauke abinki," na ce. "Saura ƙiris ki gama. Ki ba ni mako ɗaya."

"Ba shi da mako ɗaya, Mama Limaro. Jiya a zaune ya kwana, ina jin ƙirjinsa daga kicin."

"Wa ya sa ki? Kakarki ce? Ko uwarki?"

"Ba wanda ya ce min komai. Da ma sun ce wani abu."

"Kin san in kika fita yanzu ba takarda? Kin san inda za ki ƙare? Kin ga hannun uwarki, ko maɓallin riga ba ta iya sawa!"

"Na gani. Ni nake sa mata."

Na so in kama ta in girgiza, na so in rungume ta, ban yi ko ɗaya ba. Ta ce in taimaka in kira cibiyar in gaya musu ba za ta ƙara zuwa ba, kuma in kira gida in faɗa da bakina, don in ni na faɗa Jorbon zai yarda. Ni da na gina ajin, ni na ɗaga waya na cire ta. Da rana motar coci ta zo, maza biyu suka ciccibi Jorbon suka sa shi a ciki.

Ya rayu. Kumburin ya sauka. Labari kuwa ya zaga coci-coci kafin Lahadi, kowa da irin nasa. Da muka kira taron iyaye don ɗaukar sababbin ɗalibai na baɗi, zauren ya cika, an ci an sha, an yi mana waƙar godiya. Da na ce 'yan matan da ke son ajin su ɗaga hannu, wata yarinya a gaba ta fara ɗagawa, uwarta ta kama gwiwar hannun ta sauke a hankali, tana min murmushi. Ba wadda ta shiga.

Neitab ta gama sakandare tare da sa'o'inta, aka rataya mata furanni da alewa har wuya. Mako na zagayowa ta bi uwarta kamfani.

Ni ban haƙura ba, taurin kai gadonmu ne. Na yi ta buga waya har na samo wani gidan kula da tsofaffi can garin Fort Smith da ya yarda ta ƙarasa zangonta a lokacin hutu, na samo mata ɗaki a wurin wata malamar coci, Misis Dunlap ta shawo kan masu ba da takarda su ƙirga abin da ta riga ta yi. Ran da komai ya tabbata ban iya jira ba, na tafi ƙofar kamfanin da la'asar, lokacin da masu aikin safe suke fitowa. Suka fito a jere, duk kai a ɗaure da hular raga, ba ka bambanta uwa da 'ya. Sai da ta ce "Mama Limaro" na gane ta. Tana tafe tana murza yatsun hannun dama da na hagu.

Na zayyana mata komai a tsaye a bakin mota, ina sauri kamar za a ƙwace. Ta saurara har na gama.

"A Fort Smith ba namu?" ta tambaya.

"Kaɗan ne."

"Kaɗan ɗin, in an kawo ɗaya, wa za a kira?"

"Neitab, ba kowa ne kawunki ba."

"Ɗan Mama Tolina, ɗan'uwana, yana can. Da ƙanin Jimma." Ta yi ɗan murmushi. "Ke kika ce mana shi ya sa ake son mu a aikin, don mu ne muke jin bakinsu."

"To sai ki zauna kina yankan fukafukai har hannunki ya mutu? Yarinya mai kai irin naki?"

Ta waiga ta hango uwarta tana jiranta a wata mota, ta ɗaga mata hannu alamar tana zuwa. Sannan ta matso kusa da ni, fuskarta ta saki, irin sakin da rabona da gani tun tana wasa da mutum-mutumin roba, ta rage murya kamar mai ba da albishir.

"Mama, jiya ya karɓi shinkafa daga hannuna."